An fasa aurena saboda ni Bahaushiya ce, kuma cocinmu ɗaya da shi. Ya zan yi?

Yar_Kafur:

Salama gareku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa anan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ni Bahaushiya ce Kirista, daga wani ƙauye ta wajen Kafur a jihar Katsina. Kakana Bamaguje ne da ya karɓi bishara tun yana saurayi, babana kuma dattijon ikilisiya ne har yau. Ina koyarwa a wata firamare a Kaduna, ta wajen Sabon Tasha nake zaune. Shekara uku muna tare da wani ɗan'uwa, a ƙungiyar mawaƙa muka haɗu, shi ke kaɗa jita. Komai an bi tsari, baffanninsa sun je gaisuwa gidanmu, an kai kaya, mun zauna gaban kwamitin aure, an yi gwajin jini duk lafiya lau, har an karanta sanarwa ta farko ranar Lahadi mata na ta guɗa. Mamana ta sayar da awakinta biyu ta fara haɗa min kayan ɗaki, ƙawayena sun fitar da anko.

Kwatsam sai kawunsa ya zo daga gida, suka haɗu da mamansa suka ce su ba da yawunsu ba. Wai jini baya ƙarya, wai wata rana zan koma wajen dangina in tafi musu da jikoki. Ƙanin maman ya rasu a rikicin Kaduna na 2000, na san wannan tun da daɗewa, har kuka na taya ta ranar da ta bani labari a kicin ɗinta muna gyaran alayyafo. Ashe duk lokacin nan kallon da take min kenan. Shi kuma ko zuwa bai yi ba, saƙo ya turo a WhatsApp, layi uku, wai bazai iya saɓa ma mama ba in yafe masa.

Abin da ke cin raina shine a gida tun muna yara ana ce mana arna, mu ma an ƙona mana coci a 2011, yanzu na zo cikin waɗanda nake cewa 'yan'uwana a cikin Almasihu su kuma sun ce ni Bahaushiya ce. Na zama jemage, ba na cikin tsuntsu ba na cikin dabba. Sati biyar ban taka coci ba saboda in na je shi zan gani a gaba riƙe da jita. In na durƙusa zan yi addu'a bakina yayi nauyi, in ma na buɗe sai in ji faɗa nake so in yi da Allah. Ya mutum ke yi da irin wannan? Kuma dole ne sai na yafe yanzu yanzu kafin Allah ya ji ni?

Bro_Nasara:

Yar'uwa share hawayenki! Dutsen da magina suka ƙi shine ya zama kan ƙusurwa, Zabura 118:22. Allah ya rufe wannan ne don ya tanadar miki wanda ya fi shi sau goma. Kiyi azumin kwana uku ki yafe musu ki koma coci ranar Lahadi da kwalliyarki, kafin shekara ta zagayo zamu sha biki cikin sunan Yesu. Amin!!

Maman_Zumunta:

Ɗana Nasara na san da zuciya ɗaya ka faɗa, amma ka bar yarinyar nan ta yi kukanta tukuna. Kuma kar mu riƙa yi ma Allah alkawarin da bai yi ba, wa ya ce maka shekara ɗaya? In shekarar ta zagayo ba miji, kaga ka ƙara mata wani ciwon akan na da. Ayar da ka kawo ma akan Yesu take, kuma shi kafin ya zama kan ƙusurwa sai da ya kwana a kabari.

'Yata, ni shekarata 58, shekara ashirin da wani abu ina cikin Zumuntar Mata, na ga irin wannan da yawa kuma nima an min. Nawa ba fasawa aka yi ba, auren aka yi, uwar mijina ta shekara tara bata ci abincin da na dafa ba don yarenmu ba ɗaya ba. In na kai mata kwano sai ta tura ma jikoki. Don haka ba daga littafi kawai nake miki magana ba.

Kin ce faɗa kike son yi da Allah. To ki yi. Buɗe Zabura 55 ki karanta daga aya 12 zuwa 14, Dauda cewa yayi da maƙiyi ne ya zage ni da na jure, amma kai ne, abokina, wanda muke hira mai daɗi muna tafiya ɗakin Allah tare cikin taro. Ba labarinki bane wannan? Har da cocin ɗaya. Zabura 88 kuwa daga farko har ƙarshe kuka ce, da maganar duhu ta ƙare, babu ko halleluya ɗaya, kuma Allah ya bari aka sa ta cikin Littafinsa. In bakinki yayi nauyi ki ari bakinsu, ki karanta da ƙarfi a ɗakinki, addu'a ce.

Sai kuma Lai'atu, ita ce ta riƙe ni shekarun nan tara. Ki duba Farawa 29 daga aya 31. Yakubu Rahila yake so, ita Lai'atu cusa masa ita aka yi da dare. Ta haifi Ra'ubainu tace yanzu kam mijina zai so ni. Ta haifi Saminu tace Ubangiji ya ji ba a sona. Ta haifi Lawi tace yanzu mijina zai manne min. Duk idonta na kan mutumin da baya kallonta. Sai a na huɗu, Yahuza, tace wannan karon Ubangiji zan yaba. Masu wa'azi anan suke tsayawa su ce kun gani ta warke. Ni dai da na ci gaba da karatu sai na ga a sura 30 aya 20 da ta haifi Zabaluna ta sake cewa yanzu mijina zai girmama ni. Ashe ciwon ya dawo mata. Wannan ya fi min wa'azin daɗi, don nima haka nake, wata Lahadi in yi waƙa har da rawa, wata Lahadin in koma gida in rufe ƙofa. Allah bai ƙi ta don ciwon ya dawo ba, kuma ta zuriyar Yahuza ɗin nan Dauda ya fito, Yesu ya fito.

Yanzu maganar duniya. Kina cin abinci? Iliya da ya kwanta ƙarƙashin itace yace Allah ɗauki raina, mala'ika bai masa wa'azi ba, gurasa da ruwa ya bashi har sau biyu ya barshi yayi barci. Ki ci ki yi barci. Ki daina leƙa sitatus ɗinsa, na san kina yi, goge lambar. Kayan da suka kawo kar ki taɓa da hannunki, manyan da suka karɓa su zasu mayar, kuma a rubuta komai a gaban shaidu don gobe. Sannan ba zunubi bane ki koma wani coci na wata uku ko shida, sujada kike bukata ba jarrabawa ba, amma ki faɗa ma matar fasto inda kike kar a ce kin ɓace.

Dan_Wusasa:

Raina ya ɓaci da na karanta wannan. Wai Bahaushe baƙo ne a coci? Mutanen nan da wane yare suke karanta Littafi Mai Tsarki a ƙauyensu? Da wane yare suke waƙoƙin bishara na Sabon Rai? Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, ɗan mishan Dokta Miller da Hausawan da suka zauna da shi a Zariya suna cikin waɗanda suka sha wahalar fassarar, kuma da shi aka kai bishara ƙauyuka da dama na Filato da kudancin Kaduna da Bauci. Mishan ya koma Wusasa kusa da Zariya a 1929, tsohon cocin laka na nan tsaye kowa ya zo ya gani. Tun kafin haka akwai Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda abin da yake koyarwa akan Annabi Isa, zuriyarsu ne suka zo suka zauna a ƙauyen Gimi. Farfesa Ishaya Audu ɗan Anchau, wanda ya shugabanci ABU daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatson yake. Dokta R.A.B. Dikko likita na farko daga Arewa Kirista ne ɗan Wusasa. Sai yau wani kawu zai zo yana auna bangaskiyar jikar mai bi da jini?

Su je su karanta Littafin Ƙidaya sura 12. Maryamu da Haruna sun yi gunaguni akan Musa saboda matar da ya aura mutuniyar Kush ce, Allah da kansa ya sauko, Maryamu ta kuturce ta kwana bakwai a bayan zango. Ban ce wani ya kuturce ba, ina nuna yadda Allah ke kallon abin ne.

Shawarata ƙanwata kar ki bari a binne maganar nan da "a yi haƙuri". An karanta sanarwa a gaban ikilisiya, to ikilisiya ke da hakkin jin dalilin fasawa, in ba haka ba gobe za a fara raɗa cewa wani abu aka gano a jikinki. Babanki dattijo ne ya san hanya, ya rubuto ma fasto da dattawa su zauna da iyalin bisa Matiyu 18. Ba don a tilasta aure ba, Allah ya kiyaye, don a kira abin da sunansa.

Mai_Tuba77:

Na yi ta rubutawa ina gogewa. Ni daga kudancin Kaduna nake, kuma abin da saurayinki yayi miki ni na taɓa yi ma wata, shekara goma sha ɗaya kenan. Ita ma Bahaushiya ce ta wajen Kano.

Dan_Wusasa duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma tarihi baya shiga kunnen uwar da ta binne ɗan'uwanta. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Babata haka take, an kashe mata mutane a 2011, in ta ji Hausa irin ta Kano jikinta rawa yake, alhali ita kanta da Hausa take addu'a. Ba ina wanke ta bane, tsoro ne ya zama ƙiyayya kuma zunubi ne, amma tsoron na gaske ne.

Wanda ba shi da uzuri shine ni. Na san yarinyar, na san bangaskiyarta ta fi tawa, na san Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar uwa da uba ya manne ma matarsa, na iya ta da ka tun a makarantar Lahadi. Na fake da "girmama iyaye" ne don ina tsoron rigima. Ko zama ban yi da babata sau biyu akan maganar ba. Kuma nima ta waya na faɗa mata don bana iya kallon idonta.

Abin da nake so ki ji daga bakin wanda ya aikata: ba wani abu ya gani a jikinki ba. Na san kina kwana kina lissafi ko don kaza ne, ko da na yi kaza. Babu. Ragwantarsa ce ta sa. Ni sai bayan shekara huɗu na nemi wadda na ɓata ma rai ta hannun wani fasto na roƙi gafara, tace ta daɗe da yafewa amma kar in sake kiranta. Ta yi daidai. Ranar na gane yafiya daban, komawa daban.

Dan_Wusasa:

Na gode da ka faɗi gaskiya ɗan'uwa, ba kowa zai iya ba. Amma ita ma fa an ƙona musu coci a 2011 ɗin, macijin da ya sari babarka ita ma ya sare ta. Sau biyu kenan ana hukunta ta.

Mai_Tuba77:

Haka ne. Bani da amsa.

Diyar_Maradi:

Sannu ƴar'uwa, daga Nijar nike rubutu, ku yi haƙuri da Hausarmu. Ni ba miji ya ƙi ni ba, gidanmu ne. Ina aikin jinya na ji bishara, da na hwaɗa ma babana ya ce in bar mishi gida, ina da shekara 22. Na tahi coci ina cewa nan ne gida, to nan ma wata shidda ana kallona a kaikaice, wasu na cewa aiko ni anka yi in leƙi asiri. Wata tsohuwa guda ce ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita kowace Lahadi har mutane sunka saba. Daga baya na karanta Ayyukan Manzanni 9:26, Bulus da ya zo Urushalima almajirai duka tsoron shi suke, ba su yarda ya tuba ba, sai da Barnaba ya kama shi ya kai shi wurin manzanni. Na ce ashe abin tsoho ne.

Ki nemi Barnaba naki, mutum guda ya isa, ba sai coci duka ba. Ayar da nike riƙe da ita Zabura 27:10, ko uwa da uba sun yashe ni Ubangiji zai ɗauke ni. Amma in gaya miki gaskiya shekara biyu ina karanta ta ban ji komi ba, kamar ina tauna kara. Na ci gaba dai.

Maganar yafiya da kika tambaya, ba a hwara ta da ji a zuciya. Ni abin da na iya da farko shi ne na ce Ubangiji ba ni rama ba, ba ni yi musu mugun baki ba, sauran kuma ban iya ba sai ka taimake ni. Nan na tsaya tsawon lokaci kuma Allah na jina. Yesu ma a kan gicciye cewa ya yi Uba ka yafe musu, ya miƙa abin ga Uba. Mahaifiyata ta zo sunan ɗana na biyu bayan shekara bakwai, ta kawo mini gero da man shanu, ba mu yi maganar addini ba har ta koma. Babana har yanzu bai amsa gaisuwata, kowace salla ina aika mishi.

Bro_Nasara:

Mama na karɓi gyara, nayi gaggawa. Amma dai yafiya umarni ce ba shawara ba, Matiyu 6:15 na nan, ina tsoron kar ɗaci ya yi saiwa a zuciyarta.

Maman_Zumunta:

Umarni ce ɗana, ba wanda ya musa. Amma in ka tilasta ma mai sabon ciwo tace na yafe, bakinta ne zai faɗa don a rabu da ita, ɗacin ya koma ciki ya ɓuya, nan ne ma yake yin saiwar. Yusufu ya yafe ma 'yan'uwansa amma sai da ya gwada su ya ga ko sun canja, kuma ka ƙirga sau nawa ya fita yayi kuka kafin yace ni ne Yusufu. Yarinyar nan sati biyar kacal.

Yar_Kafur:

Na karanta duka, wasu sau uku. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Mama kin kama ni, ina leƙa sitatus ɗin, jiya na goge lambar duk da na haddace ta. Na karanta Zabura 55 da ƙarfi har maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya. Yaya Mai_Tuba maganarka ta min zafi da farko, na ji kamar shi ne ke magana, amma daren jiya ne na fara barci ban yi lissafin laifina ba.

Yaya Dan_Wusasa na kira babana na karanta masa abin da ka rubuta. Yace zai rubuto ma dattawa amma ba zai nemi a hukunta kowa ba, so yake kawai a faɗa ma ikilisiya cewa ba a sami wani laifi a wajena ba. Yace kuma shi zai so ya zauna da maman su yi magana, don shi ma ya san menene tsayuwa akan toka. Ni dai ban kai nan ba, na faɗa masa. Kayan kuma ƙanin babana da gwaggona zasu kawo ranar Asabar. Gwaggon nan tawa Musulma ce, ita ta fara hawa mota ta zo Kaduna ta kwana uku a ɗakina tana min kunu da abin ya faru, ta ce in an tashi mayar da kaya da ita za a je ta ga idon kawun.

Yafiya, na ɗauki addu'ar Diyar_Maradi, iyakar inda ƙarfina ya kai kenan yanzu. Ranar Lahadi zan je wani ƙaramin coci a Narayi da wata malamar makarantarmu, sujadar Hausa ta ƙarfe bakwai, tace zata biyo ta ɗauke ni don kar in canja ra'ayi. Sai dai matar fasto ban kira ta ba tukuna, ban san me zan ce ba in ta ɗauka. Mama ko zaki rubuta min yadda zan fara?